Kogi ɗaya, ciyamomi biyar: wa zai biya kuɗin tace dattin?

Ɗalibi: Salam jama'a, ina da tambaya ga masana cikinmu. A ce garuruwa huɗu ko biyar suna jere a bakin kogi ɗaya, kowanne da ƙaramar hukumarsa da ciyaman ɗinsa, na sama ya ɗebi ruwa ya sha yayi wanki yayi bayan gida ya maida dattin cikin kogin, na ƙasa dashi ya ɗiba ya sha shima ya maida nasa, haka har kan na ƙarshe. To wai me ya hana su haɗa kai su gina matatar ruwan datti ɗaya babba kowa ya huta? Ni a lissafina hakan yafi arha akan kowa yayi tasa, ko akwai abinda bana gani ne

Ɗan Adawa: Abinda baka gani ƙanina shine na sama bashi da matsala. Dattinsa tafiya yake baya dawowa. Kai kake ganin matsalar mutum biyar ce, shi a wajensa matsalar mutum huɗu ce, kuma babu shi a cikin huɗun

Tsohon Kansila: Wa alaikumus salam. Ɗana tambayarka tayi, amma bari wanda ya taɓa zama a irin wannan kwamitin ya baka labari. An kira taro, ciyamomi sun zo da jiniya, an sa hannu an ɗauki hoto, aka ce duk wata kowa zai zuba kasonsa a asusu ɗaya. An fara zubawa kuwa, sai zaɓe yazo, ɗaya daga cikin garuruwan suka samu sabon ciyaman yace shi bai san zancen ba wancan ne ya sa hannu, ya tsayar da nasa, na kusa dashi yaga haka yace to ni wawan waye, shima ya tsayar, kafin kace kwabo asusun ko kuɗin man janareto babu. Takardar tana nan a fayil har gobe. Bututu idan ka binne shi shekara hamsin zai yi ko fiye, ciyaman kuwa shekara uku ko huɗu, kuma babu wanda ya taɓa cin zaɓe da abinda yake binne a ƙasa ba'a gani

Ɗalibi: Ranka ya daɗe to kenan ba zai taɓa yiwuwa ba?

Malamin Tarihi: Yana yiwuwa mana, an yi a wurare da yawa, sai dai in ka bibiya da wuya kaga inda akayi shi don Allah da Annabi. Ko dai annoba ta tilasta, ko kotu, ko doka daga sama. Ɗauki Landan, kafin 1855 unguwanni da ƴan hukumomi barkatai ne ke kula da kwatoci, kowa iyakar yankinsa, komai kuma cikin kogin Thames yake ƙarewa wanda shi ɗin dai ake sha. A 1855 aka kafa hukuma ɗaya ta ayyukan birnin gaba ɗaya, amma aka tsaya ana ta jayayya akan zane da kuɗi, sai da zafin 1858 yazo kogin ya dinga wari har ƴan majalisa suka kasa zama a ofisoshinsu da ke bakin ruwan, a cikin kwana 18 suka amince da dokar. Injiniyan hukumar Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanai kusan kilomita 130 da suke tare dattin kafin ya faɗa kogi. Kuma kwalarar da ta ɓarke a 1866 ta fi yin ɓarna ne a gabashin birnin inda aikin bai gama isa ba

Ɗan Adawa: Wato sai da warin ya shiga hancin manya

Malamin Tarihi: Haka dai tarihin ya nuna. Akwai ma wanda yafi wannan, Hamburg da Altona a Jamus a 1892. Garuruwa biyu ne manne da juna, wani wurin titi ne kawai ya raba su, kowa da hukumarsa, kogin Elbe ɗaya suke sha. Altona ce ma a ƙasa, wato ita ke karɓar dattin Hamburg, amma ita tana tace ruwanta da rairayi, Hamburg kuwa kai tsaye take turawa gidaje. Kwalara ta kashe mutum kusan 8,600 a Hamburg, Altona kaɗan ta taɓa

Ɗan Adawa: Yauwa Malam ka kawo min hujja da kanka. Altona bata jira wani kwamiti ba, ta gyara matatarta ta tsira. Kowa ya tsare gidansa shikenan, meye na haɗa kai da wanda gobe zai ce bai san zancen ba

Malamar Asibiti: A'a yayana, ka tsare famfo dai baka tsare gari ba. Yaran da ke wanka a kogin fa? Masu lambu da suke ban ruwa dashi a rani su kawo ganye kasuwa, masunta, mata masu wanki a bakin gaɓa, da rijiyoyin da ke kusa da kogi waɗanda ruwansu daga can yake tsattsafowa? Mu da muke ɗakin yara mun san lokacin, da ruwan farko ya sauka ya wanko kwatoci zaka ga gadaje sun cika da masu gudawa da amai, muna ta neman jijiya a hannun yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, kuma in ka duba katinsu ba daga ƙaramar hukuma ɗaya suke ba. Sannan tace ruwan da aka riga aka ɓata tsada gareshi, ƙarin alam ƙarin kilorin, kuma akwai gubar masana'antu da rairayi baya cirewa

Injiniya: Ina ta karantawa, bari in sa baki akan tambayar farko don ba'a amsa ta ba. Ɗalibi rabin lissafinka daidai ne. Babbar matata tafi arha in ka raba akan kowace lita, don ko matata ƙarama ce sai ta samu mai kula da injina, mai gwaji a lab, mai gyaran wuta, masu gadi, kuma ƙaramin gari baya iya riƙe ƙwararre, da ya goge sai babban birni ya ɗauke shi. Amma rabin da ka manta shine bututu. A yawancin irin wannan aikin kuɗin haƙa da shimfiɗa bututu yafi na matatar kanta. In garuruwan a manne suke kuma ƙasar tana gangarawa wuri ɗaya, to madalla, ruwa zai kai kansa. In kuwa akwai kilomita ashirin talatin tsakani ko tudu, sai ka sa tashoshin tura ruwa, kowacce na cin wuta dare da rana, ranar da wuta ta ɗauke dattin garuruwa uku ya taru ya ɓallo a unguwa ɗaya. Ga wani abu kuma, ƙazantaccen ruwa in ya daɗe a dogon bututu babu iska yana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana taruwa a saman bututun ta koma asid ta cinye siminti, na taɓa shiga wani rami na sa sukundireba a bangon sai gashi yana ɓarewa a hannu, ƙarfen ciki duk ya fito. Wannan iskar kuma tana kashe ma'aikaci nan take in ya shiga ba gwaji. Don haka ni bana cewa dole matata ɗaya. Hukuma ɗaya mai matatu uku ma haɗin kai ne, wani lokacin shi yafi

Ɗalibi: Tab, ban taɓa tunanin bututu yafi matata tsada ba wlh

Anti Akawu: Duk kuna ta zagaye ne, ni a ganina maganar ɗaya ce, yaya za'a raba bil. Kamar gidan haya ne mai mitar wuta ɗaya, mai firiza biyu da dutsen guga yace a raba daidai, mai ƙwan fitila ɗaya yace bai yarda ba. In kace kowa ya biya gwargwadon yawan mutanensa, garin da ke da majema da mayanka da kamfanin lemo ya ci bulus, don dattin masana'anta ɗaya zai iya kai na mutum dubbai. In kace da mita za'a auna ruwan da kowa ya turo, garin da bututunsa suka tsufa ruwan sama na shiga ta tsaga zai ga bil ɗinsa ya ninka da damina yayi ta ihu. Ni kuwa nace ihun nan alheri ne, shine zai sa ya gyara. Abinda Baba Kansila ya bada labari ba rashin amana ne kawai ya kashe shi ba, an bar biyan a matsayin ganin dama ne

Tsohon Kansila: Hajiya to ya za'ayi a tilasta wa ciyaman ya biya, kama shi zaki yi?

Anti Akawu: Kar kuɗin ya bi ta hannunsa tun farko Baba. Dubi Holan. Suna da hukumomin ruwa 21, iyakarsu ba ta bin iyakar ƙananan hukumomi, tana bin yadda ruwa ke gudu ne, suna da nasu zaɓen duk shekara huɗu kuma suna karɓar nasu harajin kai tsaye daga gidaje da kamfanoni. Gidan mutum ɗaya ana lissafa masa kaso 1, gidan iyali kaso 3, kamfani kuma gwargwadon dattinsa. Ƙaramar hukuma ita ke tattaro ruwan ta bututun titi, hukumar ruwa ta tace. Magajin gari ko yana so ko baya so bashi da yadda zai riƙe kuɗin. Kuma kar ku ɗauka a dare ɗaya suka kai haka, a 1950 sun haura 2,500, a hankali aka dinga haɗe su

Malamin Tarihi: Gaskiyar Hajiya. Na yankin Ruhr a Jamus ma haka ne. Kogin Emscher ɗan ƙarami ne kilomita tamanin da ƴan kai, amma ya ratsa garuruwan haƙar kwal da ƙera ƙarfe, ƙasa tana lotsawa saboda ramukan haƙa, ruwan datti ya dinga kwanciya a unguwanni ana ta taifot da kwalara. A 1899 garuruwan da kamfanonin suka kafa ƙungiya ɗaya, a 1904 doka ta maida shiga ciki dole, kowa na biya gwargwadon abinda ya jawo. Ba'a iya binne bututu ba a lokacin don ƙasar zata karya shi, sai suka maida kogin kansa buɗaɗɗiyar kwata mai siminti, haka aka zauna kusan shekara ɗari da wari. Da haƙar kwal ta ja baya suka fara gyara a 1992, suka gina babbar magudana a ƙarƙashin ƙasa kilomita 51, aka kashe wajen Yuro biliyan 5.5, sai ƙarshen 2021 kogin ya rabu da ruwan masai. Shekara talatin ana aiki ɗaya, magadan gari nawa aka canza a ciki

Ɗan Adawa: Kuna ta kawo mana ƙasashen da doka ke aiki. Kuma ku faɗi ɗaya ɓangaren mana, haɗin kai ma ana yinsa don a zalunci wani. Malam ka basu labarin Shikago

Malamin Tarihi: Hhh kana da gaskiya a nan. Shikago a Amurka tana sha daga tafkin Michigan kuma kogin da ke kwashe dattinta cikin tafkin yake zuba. A 1889 aka kafa hukumar yanki, suka haƙa hanyar ruwa kilomita 45 suka juya kogin ya koma gudu baya, dattin ya nufi kogin Mississippi wajen birnin St. Louis. A Janairun 1900 suka buɗe ta a gaggauce ba biki don kar kotu ta riga su. Jihar Missouri inda St. Louis take ta kai ƙara kotun ƙoli, a 1906 ta sha kaye, an ce bata tabbatar da cutarwar ba, kuma ita St. Louis ɗin ma nata dattin cikin kogin take zubawa na ƙasa da ita

Ɗan Adawa: Kun ji ko. An haɗa kai an turawa maƙwabci

Injiniya: Wannan ai shi ke nuna inda za'a ja iyakar ƙungiyar ne. In ka tsaya a inda ya maka daɗi, duk wanda ke waje ya zama bola. Shi yasa Faransa a dokar 1964 ta raba ƙasar gida shida bisa manyan koguna, kowane yanki da hukumar da ke karɓar kuɗi daga mai ɗiban ruwa da mai ɓata shi, ta maida kuɗin tallafin gina matatu

Tsohon Kansila: Tunda an zo Faransa bari in faɗi abinda ke raina, don ni daga ƙaramar hukuma mai ƙaramin ƙarfi na fito kuma na san yadda ake ji. In ƙaramin gari ya shiga ƙungiya da babban birni, sunansa abokin tarayya amma a zahiri kwastoma ne. Su ke da injiniyoyi, su ke da lauya, su ke rubuta kasafi, kai sai dai a turo maka takarda mai shafi ɗari biyu ana gobe taro ace ka amince. In bututu ya fashe a wuri biyu ka san inda mota zata fara zuwa. Kuma mutanenka kai suka sani, kai za su tare a hanya in kuɗin ruwa ya tashi, kace musu ai ba ni bane hukumar yanki ce, su ce to mu mun zaɓi hukumar yanki ne? A Faransan nan da kuke yabo suna da ƙananan hukumomi wajen 35,000, a 2015 akayi doka cewa dole su miƙa harkar ruwa ga ƙungiyoyin haɗaka, magadan ƙauyuka sukayi ta turjiya, aka ɗage wa'adi zuwa 2026, ƙarshe a 2025 aka cire musu dolen. Ba jahilai bane, sun san abinda suke tsoro

Anti Akawu: Baba tsoron gaskiya ne amma maganinsa a teburin ƙuri'a yake ba a ficewa ba. Ka tuna Flint a Amurka. Tun 1967 suke sayen ruwa daga Detroit suna ƙorafin tsada, a Afrilun 2014 aka cire su aka koma ɗiba daga kogin garin don a rage kashe kuɗi kafin sabon bututu ya iso, kuma wanda ke riƙe da garin lokacin ba zaɓaɓɓe bane, jiha ce ta naɗa shi. Ba'a sa sinadarin hana cin bututu ba, ruwan ya dinga narko dalma daga tsofaffin bututu yana shiga jinin yara, ga wata cutar huhu da ta kashe aƙalla mutum 12. A Oktoban 2015 dole aka koma ruwan Detroit ɗin dai

Tsohon Kansila: To ai kin ga tsadar babban birni ce ta kore su

Anti Akawu: Eh, kuma ba su kaɗai ke kuka da Detroit ba, garuruwan kewaye sun shekara da shekaru suna cewa ana tatsarsu ba su da ta cewa. A 2016 aka koma sabuwar hukumar yanki, kujeru shida, Detroit biyu, manyan gundumomi uku na kewaye kowacce ɗaya, gwamnan jiha ɗaya, kuma ƙarin farashi ko kasafi sai biyar cikin shida sun yarda. Kayan aikin na Detroit ne har yanzu, haya ake biyanta dala miliyan 50 a shekara na shekara 40. Ban ce sun daina rigima ba, amma babu wanda zai iya yanke hukunci shi kaɗai, kuma babu wanda za'a iya dannewa cikin sauƙi

Ɗalibi: Amma har yanzu maganar yaya Ɗan Adawa ta farko tana nan fa, shi na can sama me zai ci a ciki da zai shigo?

Injiniya: Ko dai doka ta matse shi ko a biya shi. New York biya ta zaɓa. Wajen kashi 90 na ruwanta daga yankin tsaunukan Catskill da kogin Delaware yake zuwa, nesa da birnin sosai, ƙananan garuruwa ne da gonakin shanu. Gwamnatin tarayya tace ko ku gina matata ko ku tabbatar ruwan baya ɓaci tun daga tushe. Matatar an ƙiyasta ta haura dala biliyan 6 banda kuɗin gudanarwa. Da farko birnin yaso yayi da ƙarfi, ya kafa musu dokoki, garuruwan suka haɗa kai suka tafi kotu. Sai a 1997 aka sa hannu a yarjejeniya, birnin ke biyan gyaran sokawe na gidajen mutane, da inganta ƙananan matatun garuruwan, da taimakawa manoma su killace rafi kar shanu su shiga, ƙasa kuma sai wanda yaga dama ya sayar masa

Ɗan Adawa: Tsaya tsaya. In biya ka don ka daina zuba min kashi a ruwa? Wannan ai kuɗin fansa ne. Gobe ya ƙara dattin yace a ƙara masa kuɗi

Malamar Asibiti: Ni ma abin ya tsaya min a rai gaskiya. New York tana da kuɗi. In na ƙasan shine talaka na saman shine mai masana'antu fa, da me zai biya?

Injiniya: A nan ba ya aiki ƙanwata, na yarda. Biya yana aiki ne in na ƙasa babba ne mai kuɗi na sama ƙanana. In akasin haka ne sai hukumar da ke sama da su duka ta shigo da bulala ko da kuɗi. Boston kotu ce tayi, ƙaramin birnin Quincy da dattin ke fitowa a gaɓarsa ya kai ƙara a 1982, aka kafa sabuwar hukuma ta fara aiki 1985, yanzu garuruwa 43 ke tura ruwansu matata ɗaya a tsibirin Deer, kuma kuɗin ruwa ya tashi sosai mutane sunyi zanga-zanga. Burazil kuma da kuɗi ta ja su, dokar 2020 tace ana son kashi 99 su samu ruwa kashi 90 su samu magudanar masai zuwa 2033, kuma ƙaramar hukumar da ke son tallafin tarayya sai ta shiga rukunin yanki, don a haɗa gari mai riba da wanda babu mai so

Direban Tanka: Salam manya. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma aikin nan nake yi, motar yasar masai nake ja. Duk wannan bututun da kuke faɗa yawancin inda muke aiki babu shi, rami ne da sokawe, in ya cika a kira mu. Matsalarmu ɗaya ina zamu juye. Garin da na ɗebo basu da wurin juyewa, garin da ke da wurin in naje mai gadi yace motar ba ta yankinsu bace ko ace in biya ninki biyu, in kuma zan je wanda zai karɓa sai nayi tafiyar da man zai cinye ribar duka ga cunkoso ga mota na ɗiga mutane na zagi. To wallahi da yawa cikin abokan aikinmu dare suke jira, su je daidai kan iyakar ƙananan hukumomi biyu inda akwai gada ko kwari, su buɗe bawul minti biyar an gama, da safe wannan ciyaman yace ba yankinsa bane wancan ma yace ba nasa bane. Ban ce daidai bane. Amma a bamu wuri ɗaya a tsakiya kowa ya shiga da takarda ɗaya farashi ɗaya ku gani in wani zai ƙara zuwa gada

Malamar Asibiti: Innalillahi. Kuma ƙarƙashin gadar nan ne yara ke kamun kifi

Injiniya: Malam direba Allah ya biya ka, ka faɗi abinda ya kamata a fara dashi. Wurin shanya lakar masai na haɗaka ba wani abin biliyoyi bane, fili ne da kwamaye masu rairayi da tsakuwa a ƙasa, ruwan ya tsiyaye ya shiga tafkunan da rana da ƙwayoyin halitta ke cinye dattin, lakar ta bushe a kwashe. Bayan shi lab ɗaya da kowa zai yarda da sakamakonsa, sito ɗaya na kayan gyara, ƙwararren makaniki ɗaya da garuruwa huɗu za su haɗu su biya. Don abinda ke kashe matatu ba rashin gini bane rashin kula ne. Ku duba kogin Vaal a Afirka ta Kudu, ƙaramar hukumar Emfuleni tana da matatu da tashoshin turawa amma bashi ya mata katutu, injina suka mutu ɗaya bayan ɗaya ana sace waya, masai ya dinga kwarara tituna da kogi, a 2018 har sojoji aka tura su gyara, a 2021 gwamnatin ƙasa ta karɓe aikin ta ba Rand Water, hukumar yanki da ke nan tun 1903

Tsohon Kansila: Injiniya ka ce fili a tsakiya. Tsakiyar nan a yankin wani take. Wane kansila ne zai koma mazaɓarsa yace na samo muku aiki, masai na garuruwa huɗu za'a dinga kawowa bayan gidajenku? Ni da kaina da an kawo mazaɓata da sai inda ƙarfina ya ƙare

Anti Akawu: Sai a rubuta masa ladansa Baba, ragin kuɗi ga mai masaukin, titin da motocin za su bi a kwalta shi, ɗaukar ma'aikata a fara da ƴan wurin, da awon wari da za'a iya kai ƙara akai. Kuma mai wayo zai nemi abu ɗaya da yafi duk waɗannan, ruwan da ya fito bayan an tace. Yanzu ana masa kallon abin zubarwa amma inda ake fari dukiya ne. Windhoek a Namibiya tun 1968 suke tace shi su maida famfo. A gundumar Orange ta Kalifoniya hukumar masai da hukumar ruwan sha suka haɗa jari, tun 2008 suke tace shi su tura ƙarƙashin ƙasa ya cika rijiyoyi ya kuma tare ruwan teku kar ya shigo

Ɗan Adawa: Sai kuma na ƙasa ya tashi yace ina ruwan da ke zuwa min a rani, ashe dattin naku ne rabin kogin. Da ana faɗa akan wa zai karɓa, yanzu a koma faɗa akan wa zai riƙe

Injiniya: Hakan na faruwa kuwa, ba wasa ba. Shi yasa ake rubuta mafi ƙarancin abinda dole a sakar wa kogi tun a yarjejeniyar farko lokacin da babu wanda ya damu da shi

Ɗalibi: Na gode ƙwarai iyayena. Tambaya ta ƙarshe, mitar da Anti tace za'a raba bil da ita, wa zai dinga karantawa? In ta hannun hukumar yankin ce ƙananan za su ce ana musu coge, in ta hannun garin ce su ma za'a ce sun taɓa

Injiniya: A kan iyaka ake sa ta, a ɗaki mai kwaɗo biyu, mukulli ɗaya wajen garin ɗaya wajen hukumar, ba mai buɗewa shi kaɗai. Karatun yana tafiya kwamfutocin ɓangarorin biyu a lokaci guda, duk shekara a kira wani na waje ya gwada ta a gaban kowa. Kuma kar ayi bil da karatun wata ɗaya, a ɗauki matsakaicin shekara uku don damina mai ƙarfi kar ta karya kasafin ƙaramin gari. In mitar ta lalace a rubuta tun yanzu cewa za'a yi amfani da karatun bara na wannan watan har a gyara

Direban Tanka: Mu kuma a sa mana sikeli a ƙofa kawai, a auna mota da kaya a auna ta ba kaya

Tsohon Kansila: Mukullin garin dai kar a ba ciyaman, a ba ma'aikacin da ba ya tafiya da zaɓe